Sauke Injin Mota a Gida Ba Tare da Rauni Ba: Tambayoyi da Amsoshi

Idan inji ya buga, ko ya fara shan baƙin mai har aka ce sai an yi masa ring, ko kuwa an sayo ɗan Beljiyam za a ɗora, aikin farko shi ne a fitar da tsohon daga cikin mota. Kanikawa da yawa, da masu mota da ke son taɓa ƙarfe da hannunsu, a gida suke yin wannan aiki: cikin gareji, ko ƙofar gida, ko gindin bishiya. Aiki ne mai yiwuwa. Sai dai a duk gyaran mota babu inda ƙarfe mai nauyi yake lilo a saman hannuwa da ƙafafun mutane kamar a nan. Amsoshin da ke ƙasa sun ginu ne a kan tambaya guda da ya kamata ta zauna a bakin duk mai wannan aiki: in injin nan ya kuɓuce yanzu, a kan me zai faɗa?

Nawa ne nauyin injin mota?

Ya danganta da girmansa da irin ƙarfen da aka zuba shi. Ƙaramin inji mai silinda huɗu, irin na Corolla ko Civic, yana tsakanin kilo 100 zuwa 150. Mai silinda shida, irin na Sienna, yakan haura kilo 160. Injin dizal na Hilux ko Hiace yana kaiwa kilo 200 ko fiye, saboda kaurin gangar jikinsa. Tsohon V8 na Amurka mai baƙin ƙarfe yana wajen kilo 260. In za a fito da shi tare da giyabos, sai a ƙara kilo 35 zuwa 50 idan manuwal ce, ko 70 zuwa 100 idan otomatik ce.

Buhun siminti kilo 50 ne. Ke nan injin ƙaramar mota da giyabos ɗinsa sun kusa buhu huɗu, a dunƙule wuri guda, ga santsin mai, ga kaifin gefe. Ka yi lissafinka da lamba mafi girma, sannan ka nemi kayan ɗagawa da aka rubuta musu ninkin wannan nauyi.

Mu shida ne majiya ƙarfi. Ba za mu iya ciro shi da dogon ƙarfe da igiya ba?

Ana yi, kuma sau da yawa ana dacewa. Amma ba na ba kowa wannan shawara. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da mutum ɗaya zai riƙa ɗagawa, shi ma sai in kayan yana kusa da jikinsa kuma bayansa a miƙe yake. Mai ciro inji kuwa a sunkuye yake a kan mota, hannu a miƙe. Sannan nauyi ba ya rabuwa daidai tsakanin mutum shida. Da zarar ɗaya ya zame ko ya saki don ya gyara riƙo, rabonsa ya koma kan na kusa da shi, galibi kuma ƙaramin yaron gareji ne da aka tura ƙasa ya riƙa turowa. Ciwon baya da ƙaba da ke addabar tsofaffin kanikawa, irin wannan ɗauka tana cikin abubuwan da ke jawo su.

Wanne ya fi: ƙaramin kiren mai tayoyi ko cembulok?

Ƙasan wurin aikinka ne zai yanke hukunci. Kiren na gareji, mai dogon hannu da jak na mai, yana buƙatar daɓen siminti mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe. Tayoyinsa ƙanana ne, na ƙarfe. Tsakuwa guda tana tsayar da su, a yashi ko jar ƙasa kuwa nutsewa suke yi, kuma in ƙafa ɗaya ta nutse kiren ya karkata da kayansa. In dole ne a yi amfani da shi a ƙasa, a shimfiɗa faifan ƙarfe mai kauri ko katako mai faɗi a ƙarƙashin duka tayoyin.

Cembulok, wato na'urar ɗaga kaya da ake jan sarƙarta da hannu, ba ruwansa da ƙasa, domin a sama yake rataye, kuma birkinsa yana riƙe kaya da kansa a duk inda ka daina jan sarƙa. Matsalarsa ita ce abin da za a rataye shi. Yana kuma cin tsawo. Gaban mota ya kai kusan mita ɗaya, injin kansa wajen santimita 70, sarƙar ɗauri da jikin cembulok su ci kusan wani 70 ɗin. Ke nan ana buƙatar mita biyu da rabi zuwa uku daga ƙasa zuwa inda za a rataye. Ka auna tun kafin ka kwance noti ɗaya, don kada injin ya tsaya rabi a ciki rabi a waje alhali sarƙa ta ƙure.

An rubuta tan 2 a jikin kiren ɗina. Ai ba ni da damuwa ko?

Duba hannun kiren ɗin da kyau. Za ka ga ramuka, yawanci huɗu, an rubuta tan 2, tan 1 da rabi, tan 1, da rabin tan. Tan 2 ɗin na lokacin da hannun yake a gajarce ne. Kai kuwa, don ka kai tsakiyar inji, sai ka zaro hannun zuwa ƙarshe, inda ƙarfinsa rabin tan ne kawai, wato kilo 500. Wannan ya ishi injin ƙaramar mota, amma kiren mai tan 1 a ramin ƙarshe kilo 250 ne kacal, kuma injin dizal da giyabos suna iya wuce haka.

Abu na biyu: kada ƙugiya ta wuce tayoyin gaba na ƙafafun kiren. In ƙafafun na zarowa ne, a zaro su daidai da yadda aka zaro hannun, a sa musu fil ɗinsu. Da nauyi ya wuce tayoyin, kiren zai kifa gaba, kuma yaron da aka ce ya hau baya ya danne ba zai hana ba. Shi ma tafiya za a yi da shi.

Zan iya rataye cembulok a katakon rufin gareji, ko a reshen bishiya?

Katakon rufi, a'a. Tu-bai-fo da kafinta ya ɗora an yi shi ne don ya ɗauki kwano, kuma ƙusoshi ne suke riƙe da shi. Azara ma haka. In gara ta shiga, daga waje lafiya lau yake, ciki kuwa gari ne. Wanda ya rataye inji a nan, rufin gaba ɗaya zai iya biyo injin.

Bishiya kuwa, na san rabin garejojinmu a ƙarƙashin darbejiya suke, kuma reshenta ya sauke injuna da dama. Abin da ke damuna shi ne babu wanda ya taɓa auna ƙarfin reshe. Ba shi da lamba a jiki. Reshen da ya ɗauki inji bara, bana ya yiwu sarƙa ta ci ɓawonsa, ruwa ya shiga, ya ruɓe ta ciki. In babu wata hanya, a zaɓi ɗanyen reshe mai kauri sosai, a ɗaura kusa da gangar bishiyar, a sa tsohuwar taya tsakanin sarƙa da reshe, kuma a kafa ƙarfe ko gungume a tsaye a tokare reshen ta ɗaya ɓangaren. Amma kuɗin da za ka kashe a yi maka tsayayyen ƙarfe bai kai kuɗin ɗori ɗaya ba.

To in zan sa a yi mini ƙarfen ratayewa, yaya ya kamata ya kasance?

Iri biyu ake yi: mai ƙafa uku da ke haɗuwa a sama, da mai siffar ƙofa, wato ƙafafu a gefe biyu da dogon ƙarfe a gicciye. A kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun bututun ƙarfe mai kauri da ƙarfen gini mai siffar kwangiri. Shi za a nema. Siririn bututun da ake yin rumfar biki da shi ba na wannan aiki ba ne, haka ma rodi.

Mai ƙafa uku, haɗarinsa bajewa ne. Dole a ɗaure ƙafafun uku da juna da sarƙa ta ƙasa, kuma kowace ƙafa ta zauna a kan faifai don kada ta nutse. Mai siffar ƙofa kuma, a ɗora ƙarfen gicciye a saman ƙafafun, nauyi ya sauka kai tsaye a kansu. In aka manna shi a gefe, walda ce kaɗai ke riƙe da injin. A sa tokara a kowace kusurwa. Kafin ranar aiki a gwada shi da nauyin da ya fi na injin, a ɗaga kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, a bar shi na ɗan lokaci, a duba ko wani wuri ya lanƙwasa ko walda ta tsage.

Wace irin sarƙa ta dace? Na ga wasu suna amfani da bel ɗin kujerar mota.

Sarƙar ɗaga kaya tana da hatimi a jikin zobbanta: 8 ko 80, 10 ko 100. Sarƙar kulle ƙofa, ko ta ɗaure janareta, ko ta kare, taushi gare ta, kuma waldar zobbanta ba abin dogaro ba ce. A bi sarƙa zobe-zobe. Duk wadda aka ga zobenta ya miƙe, ko ya sirance, ko an taɓa yi masa walda, a ajiye ta. Kada a ƙulla sarƙa, kada kuma a haɗa guntaye biyu da waya ko ƙusa. Ƙugiya ta kasance mai marfin baki, kuma in bakinta ya buɗe fiye da yadda aka ƙera ta, ta taɓa ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta ke nan.

Bel ɗin kujera yana da ƙarfi in sabo ne. Na tsohuwar mota ya sha rana shekara da shekaru, ƙulli yana rage masa ƙarfi sosai, kuma kaifin gefen inji yana yanka shi farat ɗaya. Igiyar roba ta jan ruwa a rijiya ma kada a kawo ta kusa.

A ina ake ɗaura sarƙa a jikin inji?

Injuna da yawa suna zuwa da kunnuwan ɗagawa guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, a kusurwoyin da ke fuskantar juna. Su ne wurin. In an cire su, sai a nemi ramukan manyan notuna a jikin tof, wato kan injin da ke rufe silinda, ko gangar injin.

A nan ne kuskure ya fi yawa, don haka bari in tsaya a kai. A yi amfani da noti mai hatimin 8.8 ko 10.9 a kansa, mai kaurin milimita 10 in wurin ya ba da dama. Ya shiga ramin da zurfin da ya kai ninki ɗaya da rabi na kaurinsa in baƙin ƙarfe ne, ninki biyu in alminiyam ne, domin tiredin alminiyam saurin zubewa gare shi. A sa babbar washa mai kauri don kada zoben sarƙa ya zame ta kan notin. Sannan a ɗaure shi har sarƙa ta kwanta a jikin injin. Notin da aka bari ya yi tsawo a waje, sarƙa tana ja daga ƙarshensa, lanƙwashewa yake yi ya karye, ko da mai kyau ne.

Wuraren da ba a ɗaurawa: bututun shigar iska, musamman na roba, marfin saman inji, mariƙin altaneta, bututun mai, da fule. A kuma duba inda sarƙa za ta bi in ta miƙe, don kada ta murƙushe nozul ko ta fasa soket.

Me ya sa ake cewa kada sarƙa ta yi gajarta?

Saboda yadda nauyi ke rabuwa tsakanin ƙafafunta biyu. In sarƙa doguwa ce, ƙafafun biyu sun haɗu a ƙugiya da tsinin digiri 60, kowace ƙafa tana ɗauke da kashi 58 cikin ɗari na nauyin. A digiri 90 ya zama kashi 71. A digiri 120, kowace ƙafa tana jin nauyin injin gaba ɗaya. In aka ja sarƙa ta kusa kwanciya, zuwa digiri 150, kowace ƙafa tana jin kusan ninki biyu na nauyin injin, kuma tana jan notunan ta gefe, inda suka fi rauni. Mutane suna gajarta sarƙa ne don rufi ya yi musu ƙasa. Maganin wannan shi ne a sauke gaban motar ko a canza wuri. A tsaya a digiri 90 ko ƙasa da haka.

Me zan kwance kafin in fara ɗagawa?

Ka bar injin ya huce. Ka rage matsin fetur: cire fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da motar in tana tashi har ta mutu da kanta, domin a motoci masu nozul fetur yana zaune cikin bututu da matsin da zai fesa maka a ido. Daga nan ka cire batir, kan mai alamar ragi da farko, ka fitar da shi daga motar. Ka juye baƙin mai da ruwan lagireto. Ka zana da'ira a jikin maƙallan bonet kafin ka cire shi, ku biyu, don ya koma daidai. Lagireto da fanka su fita, saboda ko taɓa su injin ya yi sun lalace.

Kwamfireson esi da famfon sitiyari ba sai an buɗe bututunsu ba. A kwance su daga jikin injin, a ɗaure su a gefe da waya. Gas ɗin esi in ya fesa yana ƙona fata da ido da sanyi.

Ka ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, ka liƙa takarda mai lamba a kowane soket da tiyo. Abin da aka fi mantawa shi ne wayar at da ke bayan inji, da tiyon hita, da wayar totur, da notin salansa na ƙasa.

In fito da shi tare da giyabos, ko in raba su?

A motoci masu jan baya, irin su Peugeot 504 da Hilux, duka biyun suna yiwuwa. In tare ne, sai an karkata kayan sosai, wutsiyar giyabos ta yi ƙasa, kuma a nan ne sandar daidaita karkata mai hannun murɗawa take da amfani ƙwarai. In za a raba, a tokare giyabos da jak da katako kafin a kwance notin ƙarshe, don kada ya rataya a kan shaf ɗin kuloci.

In otomatik ce, a kwance notunan da suka haɗa kombata, wato dunƙulen ƙarfe mai cike da mai da ke tsakanin inji da giyabos, da faifan bayan inji tukuna, a tura kombatar baya ta zauna cikin giyabos. In ta biyo injin, mai zai malale, sil zai lalace, kuma ita kanta tana da nauyin da zai fasa yatsun ƙafa.

Motoci masu jan gaba da yawa, musamman masu silinda shida, an ƙera su ne injin ya fita ta ƙasa tare da gadonsa. Ka binciki taka kafin ka fara.

Motar ta zauna a ƙasa ko a ɗaga ta?

In ƙafafun kiren za su shige ƙarƙashinta, ta zauna a kan tayoyinta, a ja birkin hannu, a sa waji gaba da baya. In sai an ɗaga, a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti kuma ba matokari ba ne: ba ya lanƙwasa ya ba ka alama, rugujewa yake yi lokaci guda. Gungumen katako mai faɗi ya fi shi nesa ba kusa ba. A tura tayar da aka cire ƙarƙashin motar don ƙarin kariya.

Ka tuna cewa da nauyin inji ya bar mota, gabanta zai tashi sama da 'yan santimita, kuma in a kan matokarai take, nauyinta zai koma baya. A girgiza ta da ƙarfi tun kafin kowa ya shiga ƙasa.

Yaya ɗagawar kanta take?

Mutum biyu ko uku sun isa, kuma baki ɗaya ne ke ba da umarni. In oga ya ce a ja, a ja. Amma kowa, har ƙaramin yaro, yana da ikon cewa a tsaya, kuma in ya faɗa a tsaya ɗin. Ogan da ke yi wa yaro tsawa don ya ce a tsaya, ya koya masa yin shiru ranar da ya ga sarƙa tana zamewa.

A ja har sarƙa ta miƙe ta karɓi nauyi, sannan a kwance notunan injin sit, wato maƙallan da ke riƙe inji a jikin mota. A ɗaga kamar yatsa biyu, a tsaya. A zagaya da tocila a duba sarƙa, notuna, ƙugiya, da duk abin da ya rage a haɗe. In injin ya karkata, a sauke shi a gyara ɗauri. Ba a gyara sarƙa alhali kaya na rataye. Daga nan a ci gaba kaɗan-kaɗan, ba fizga, domin fizga tana ninka nauyin da sarƙa ke ji.

Hannu yana taɓa inji ta sama ko ta gefen da babu abin da zai matse shi. Kada yatsa ya shiga tsakanin inji da jikin mota, ko tsakanin inji da giyabos. In ana son juya shi, a ɗaura masa igiya a ja daga nesa, ko a tura da katako.

Ya maƙale, kuma gaban motar ya fara tashi. In ƙara ja?

A'a. In mota tana bin inji sama, akwai abin da bai kwance ba, kuma yanzu kiren ɗinka motar yake ɗagawa. A sauke, a nemo abin. In fil ɗin da ke daidaita inji da giyabos ne suka yi tsatsa, a zuba musu mai, a raba a hankali da ƙarfe ta gefe biyu. Inji in ya ƙwace da ƙarfi, tsalle yake yi ya yi lilo, kuma fuskar mai leƙe ita ce a kusa.

Ya fito. Yaya zan matsar da shi?

In cembulok ne, injin ya tsaya inda yake, motar ake turawa baya, sannan a sauke shi. Ko da kiren ne, tura motar ya fi jan kiren in daɓen ba shi da kyau. Da zarar injin ya wuce gaban mota, a sauke shi har ya kusa taɓa ƙafafun kiren kafin a fara tafiya da shi. Inji a sama yana lilo, tayar kiren ta ci karo da tsakuwa, shi ke nan ya kifa. A share hanya tukuna, a ja daga bayan kiren a hankali, kada a bi gangara, kuma kada wani ya tsaya a gaba yana riƙe da injin.

Makunnin saukewa na jak ɗin kiren, murɗa kaɗan yake so. Ka koyi hannunsa tun babu kaya a kai.

Magariba ta yi. Zan iya barinsa a rataye zuwa safe?

Kada ka bari. Jak na mai yana saki a hankali cikin dare, gida kuma akwai yara, kuma babu yaron da zai ga abu yana lilo bai je ya taɓa ba. A sauke shi a kan tsohuwar taya, a tokare shi da katako ta kowane gefe. A kula da kwanon baƙin mai na ƙasa: na alminiyam fashewa yake yi, na ƙarfe kuma in ya loɓa yana toshe bakin bututun da ke tsotso mai.

In kana da mazaunin inji mai juyawa, mai taya huɗu ya fi mai taya uku zama daram. A cire fulawil, wato faifan bayan inji, a ɗaura faifan mazaunin a bayan injin tun yana rataye, a daidaita yadda tsakiyar nauyinsa za ta zo daidai da bututun juyawa. In nauyi ya rinjaya sama, da ka zare fil zai juye da kansa, sandar juyawa ta doke ka.

Zan kai shi wurin masu gyara a cikin gari. Yaya zan ɗauke shi?

A akori-kura, a kan taya, a tsaye, a manne da bayan kan mota, an ɗaure shi ta kusurwa huɗu. Injin da ba a ɗaure ba, birki ɗaya zai turo shi gaba. Kada kowa ya zauna a baya don ya riƙe shi. Keken a daidaita sahu da but ɗin ƙaramar mota ba wurinsa ba ne, saboda shigarwa da fitarwa duk da hannu za a yi. Ka tambaya tun kafin ka tashi ko akwai abin saukewa a inda za ka.

Akwai abin da ya shafi tufafi da gidan kansa?

Takalmi rufaffe mai kauri, in da hali mai ƙarfe a baki. Silifas ba ya kare komai. A cire zobe da agogo, a ajiye doguwar riga mai faɗin hannu, domin ƙugiya da sarƙa kama tufa suke yi.

Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya kwanta a rami da lungu. Kada a kunna janareta, ko murhu, ko sigari kusa, a buɗe ƙofar gareji, a ajiye abin kashe gobara ko bokitin yashi. Ruwan lagireto mai launi yana da zaƙi kuma guba ne, yana lalata ƙoda. Kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano inda yara ko awaki za su kai, kada kuma a zuba shi a gorar lemo. Man da ya zube a rufe shi da yashi nan take, kafin wani ya taka yana ja da kaya.

Mayar da injin fa?

Dokokin duk suna nan, amma a nan yatsu suka fi shiga haɗari, saboda ana son ramuka su haɗu. A daidaita rami da sukundireba ko siririn ƙarfe, ban da yatsa. In inji da giyabos sun ƙi haɗuwa, kada a ja su da notuna. Ko faifan kuloci bai zauna a tsakiya ba, ko kombata ba ta shige har ƙarshe ba, kuma matsawa da ƙarfi zai fasa famfon giyabos. Kada a cire sarƙa sai an ɗaure injin sit duka.

In tsautsayi ya faru, inji ya danne mutum, me za a yi?

A ɗage nauyin da gaggawa da jak ko kiren, a tokare shi kafin a jawo mutumin, don kada ya sake faɗowa a kan masu ceto. In ana zargin baya ko wuya ya taɓu, kada a naɗe shi a jefa a mota, a ɗauke shi a miƙe a kan katako mai faɗi. Jini a danne shi da tsumma mai tsabta. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112.

Ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti. Naman da aka murƙushe yana sakin abubuwa cikin jini da ke iya taɓa ƙoda daga baya, kuma zubar jini ta ciki ba a ganinta da ido. Karaya a ɗauki hotonta kafin a yi maganar ɗori, kuma akwai asibitocin ƙashi irin na Dala a Kano. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a ɗora ledar a kan ƙanƙara, a tafi da shi tare da mai raunin.

Yaushe ne ya kamata in haƙura in kai wa masu kayan aiki?

In motarka mai haɗin lantarki da fetur ce, irin Prius, wayoyin nan masu ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta haura volt 200, kuma sai wanda ya koyi kashe ta zai taɓa. In injin ta ƙasa yake fita, kana buƙatar abin ɗaga motar gaba ɗaya. In wurinka gangara ne, ko ba ka da abin ratayewa da ka gwada, ko kai kaɗai ne a gida, nan ma ka dakata. Kana iya kwance wayoyi da tiyo da duk ƙananan kaya da kanka, sannan ka ɗauko hayar kiren da mai shi na rabin yini, ko ka ja motar zuwa garejin da ke da tsayayyen ƙarfe, a ciro maka injin, ka dawo da shi gida ka ci gaba da gyaranka a ƙasa.